Daga Zariya Zuwa Essen: Zaman Kotu A Kan Teburin Wasa

Ɗan yayata da ya gama karatun injiniya a Jamus ya kama aiki a can, shi ya fara kawo maganar. Ya san aikina, magatakardan kotu ne ni, shekara da shekaru ina zaune gefen alƙali ina rubuta abin da mai ƙara da wanda ake ƙara suka faɗa. Ya kira ni ya ce, "Kawu, akwai wani baje koli da ake yi a garin Essen kusa da mu duk watan Oktoba, ba a kasa komai a cikinsa sai kayan wasa na kan tebur, irin su ludo da kati. Bara na tarar ana wasan kotu a wata rumfa, tun a nan na ce wannan sai Kawu ya gani." Ya ƙara da cewa dama ya daɗe yana son wani babba daga gida ya zo ya ga inda yake zaune, hankalin mahaifiyarsa ya kwanta. Wannan ta biyun ce ta sa na amsa.

Shi ya je ofishin kula da baƙi na garinsu ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi, wadda ke nufin cina da shana da duk ɗawainiyar da ta taso a kaina suna wuyansa. Ni kuma na haɗa takardar hutu daga wurin aiki, da bayanan asusun banki, da inshorar lafiya wadda dole ta kai ta Euro 30,000, na sauka Legas aka ɗauki hoton yatsuna. Kuɗin bizar Euro 90 ne, don a watan Yunin 2024 aka ɗaga shi daga 80. A lokacin Euro ɗaya ta haura Naira 1,800, kowane lissafi na yi sai gabana ya faɗi. Kuɗin jirgin sama yaron ne ya biya, Allah Ya yi masa albarka.

Na bar Zariya da sassafe ranar Litinin, 30 ga Satumba, 2024. Na shiga motar haya a Kwangila. Titin Zariya zuwa Kaduna ya gyaru, da ba don shingaye ba da tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Amma washegari 1 ga Oktoba ce, ana ta raɗe-raɗin za a sake fita zanga-zangar tsadar rayuwa irin ta watan Agusta, don haka jami'an tsaro sun cika hanya. An tsayar da mu wajen Jaji, an sake tsayar da mu a Maraban Jos. A nan wani jami'i ya sa na buɗe jaka, ya ga ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, ya tambaye ni ko abinci nake sayarwa. Na ce tsaraba ce zan kai wa ɗa a Turai. Ya ce, "Baba, ina kilishin?" Na gaya masa yaron ya gargaɗe ni tun kafin in tashi, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara a cikin kayansa, in an gani ƙwacewa za a yi, wataƙila har da tara. Ya girgiza kai ya ce Allah Ya tsare hanya.

Daga Kaduna jirgin ƙasa na hau a Rigasa, tikitin bai kai Naira 4,000 ba. Tun harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris na 2022 babu mai wuce dajin da ke tsakanin Rijana da Katari bai yi shiru ba. Taragon namu ma hira ta ɗauke a daidai nan, sai da muka doshi Jere aka ci gaba da magana. Na sauka Idu, na wuce filin jirgi, da dare muka tashi, kimanin awa shida muka sauka Frankfurt gari bai gama wayewa ba.

A tagar shige da fice ɗan sandan ya juya fasfo ɗina, ya duba takardar ɗaukar nauyi da tikitin komawa, sannan ya tambaye ni da Ingilishi abin da ya kawo ni. Na ce ziyarar ɗa, da kuma baje kolin wasanni na Essen. Ya ɗago ya dube ni da babbar rigata da hulata, fuskarsa ta saki, ya ce shi ma ƙanensa ba ya fashin zuwa. Ya buga hatimi.

Tashar jirgin ƙasa a manne take da filin jirgin saman. Yaron na jirana a can da rigar sanyi a hannu, ya durƙusa ya gaishe ni a gaban jama'a yadda aka koya masa a gida, abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Jirgin da muka hau yana da allo da ke nuna gudunsa, tsakanin Frankfurt da Kolon na ga lambar ta kai kilomita 300 a awa, amma shayin da ke gabana bai zube ba. Da muka tsaya a wata tasha mai suna Siegburg/Bonn ya ce, "Kawu, nan kusa ne Sashen Hausa na DW yake." Na leƙa ta taga, ban ga komai ba sai ruwan sama da itatuwa, amma na tuna rediyon mahaifina. Daga nan sai garuruwa a jere, Dusseldorf, Duisburg, Essen, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Masaukina ɗakinsa ne a Gelsenkirchen, 'yan mintoci daga Essen a jirgi. Ciki da falo ne a hawa na uku, ya bar mini gadon ya koma kan doguwar kujera. Ya ce ko da muna da kuɗin otal da wuya mu samu, don a makon baje kolin ɗakunan Essen kan ƙare tun watanni kafin lokaci, farashi kuma ya ninka. Sanyi bai kai na tsakiyar hunturunsu ba, amma yayyafi ba ya tsayawa, rana ba ta fitowa sai bayan bakwai da rabi. A daren farko na sa ya tuƙa tuwon semo, na kaɗa masa miyar kuka da daddawar da na zo da ita. Ya ci har ya yi shiru. A waje kuwa abincinmu gurasar Turkawa ce da ake cusa wa yankakken nama da ganye, suna ce mata Döner, Euro 7 guda ɗaya, wato kusan Naira 13,000. Turkawa sun yi yawa a wannan yanki tun yarjejeniyar 1961 da ta kawo su aikin haƙar kwal da masana'antun ƙarfe, saboda haka naman halal bai yi wuya ba. Ruwan roba kuwa idan ka saya akwai santi 25 da ake ɗora maka, sai ka mayar da robar a ba ka abinka.

Ranar Alhamis, 3 ga Oktoba, aka buɗe baje kolin, ranar hutun haɗewar Jamus ce, kantuna duk a rufe. Sunansa SPIEL, an fara shi a 1983 a wata makarantar koyar da manya ta garin, yanzu ya cinye manyan zaurukan Messe Essen, cibiyar baje koli ta garin. Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba U11 ke kai mutane daga babbar tasha, mun bar biyu sun wuce kafin mu sami wurin sa ƙafa. Tikiti ta intanet yaron ya saya tun da wuri, Euro ashirin da 'yan kai na yini. Daga baya masu shiryawa suka sanar cewa mutum 204,000 ne suka shiga a wannan shekarar, masu rumfuna kuma sun haura 900 daga ƙasashe 52. Cikin zaurukan kamar kasuwar Sabon Gari ce ranar jajiberin Sallah, sai dai babu mai kiran ciniki. Tebura ne ko'ina, tsofaffi masu furfura da matan aure da yara, kowa ya sunkuya kan kati ko allo, ma'aikacin rumfa na tsaye yana koya musu doka. Kana iya zama ka yi wasa kyauta ka tashi ba ka sayi komai ba. Yaron ya nuna mini wasan da ya ci kyautar gwarzon shekara ta Jamus a 2024, Sky Team, na mutum biyu da ke ƙoƙarin saukar da jirgin sama ba tare da sun yi wa juna magana ba. Ya kuma gaya mini cewa mu ma ba a bar mu a baya ba, akwai kamfanin NIBCARD Games a Abuja da ke ƙera irin waɗannan wasanni, har ya ci lambar yabo ta fannin wasanni mai suna Diana Jones a 2021.

Rumfar da muka zo dominta tana can ƙurya, inda ƙananan masu ƙirƙira ke gwada wasannin da ba su kai ga shiga kasuwa ba. Wata mata ce 'yar Holan da mijinta. Katunan ma da na'urar buga takardu ta gida aka buga su, aka yanka da almakashi. Teburin na mutum takwas ne, muka jira waɗanda ke kai suka gama muka zauna.

Ga yadda ake yi. Ana raba katin muƙami: alƙali ɗaya, mai gabatar da ƙara, lauyan kariya, wanda ake tuhuma, shaida, sauran ukun kuma masu taya alƙali yanke hukunci. Alƙali ya zaro katin tuhuma ya karanta da ƙarfi. Laifuffukan duk na ban dariya ne, na farkon da muka samu shi ne wai mutum ya sace agogon hasumiyar gari don kada matarsa ta san ya yi dare a waje. Wanda ake tuhuma shi kaɗai ke leƙa wani kati a asirce, mai gaya masa ko ya aikata ko bai aikata ba, ya kife shi a tsakiyar tebur. Kowane lauya ya ja katunan hujja uku bai san abin da zai fito ba: lema, rabin burodi, tsani, tikitin jirgi, safa ɗaya jiƙaƙƙiya. Dole ya saƙa labarinsa da su duka ukun. Shaida kuwa yana da nasa katin da ke gaya masa ɓangaren da zai karkata, amma an hana shi faɗin abin da ya saɓa wa hujjar da ke kan tebur. Akwai 'yar kwalbar yashi ta minti ɗaya, da yashin ya gama zuba alƙali zai buga 'yar gudumar katako, ko kana tsakiyar kalma ka tsaya. A ƙarshe masu taya alƙali su ɗaga kati, ja ko fari, sannan a buɗe katin asiri. Lauyan da aka bi maganarsa ya sami maki. Masu taya alƙali kuwa ba su samun komai sai hukuncinsu ya dace da gaskiyar da ke kife. Daga nan kowa ya miƙa katin muƙaminsa ga na hagunsa, alƙalin ɗazu ya koma wanda ake tuhuma.

Zagayen farko shaida na zama, aka yi ta dariya, ni ma na yi. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, cikin minti goma sun fara nuna wa juna yatsa suna rantse-rantsen ƙarya da fara'a. A zagaye na uku ne abin ya taɓa ni.

Wani saurayi ɗan Poland, siriri mai in'ina, shi ya zama wanda ake tuhuma. Mai gabatar da ƙara wani Ba'italiye ne mai zaƙin baki, ya miƙe tsaye, ya ɗaga katin safa sama, ya kwaikwayi tafiyar ɓarawo, har mutanen teburin kusa suka juyo suna tafi. Lauyar kariya ta yi iya yinta. Da aka ba saurayin nasa mintin, kalmar farko ta maƙale masa. Ya ja ta, ya sake ja, ya samu ya faɗi jimla biyu, yana shirin kawo hujjar da na lura ita ce mai ƙarfi, tikitin jirgin da ke nuna ba ya gari a daren, sai guduma ta sauka. Ina cikin masu taya alƙali a wannan zagayen. Biyu suka ɗaga ja, na ɗaga fari, rinjaye ya kama shi. Aka buɗe katin asiri: bai aikata ba. Aka fashe da dariya, har shi saurayin.

Ni kam tunanina ya riga ya koma gida. Na tuna tsofaffin mata da ke zuwa gabanmu kan gonar gado, gaskiyarsu a fili, amma da an ce su yi bayani sai jiki ya ɗauki rawa, su kama kuka ko su kama labarin da bai shafi ƙarar ba, abokin shari'a kuwa ya zo da magana a jere tsaf. Na tuna hadisin Ummu Salama da ke cikin Buhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗin cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, a yanke masa bisa abin da aka ji, to wanda aka ba haƙƙin ɗan'uwansa ta haka yankin wuta aka yanka masa. Abin da na yaba wa matar da ta ƙirƙiri wasan shi ne ba ta bar masu saurare sun tsira ba. Biyun nan da suka bi zaƙin baki sun tashi ba maki. A zagayen da ya biyo baya na ga sun daina kallon hannun mai magana, sun koma kallon katunan da ke kan tebur.

Da alƙalanci ya zagayo kaina, na yi abin da na saba gani ana yi. Bayan yashi ya ƙare wa kowa, kafin a ɗaga kati, na dubi mai gabatar da ƙara na ce ko yana da sauran magana, ya ce babu. Na dubi wadda ake tuhuma na yi mata tambayar, ta ce akwai, ta ƙara jimla ɗaya. Mai wasan ta ce wannan ba ya cikin doka. Na ba ta haƙuri, na bayyana mata cewa a kotunanmu na shari'ar Musulunci ana kiran wannan i'izari, alƙali ba ya yanke hukunci sai ya tambayi ɓangarorin ko da sauran hujja, kuma kotun ɗaukaka ƙara kan rushe hukuncin da aka yi ba tare da shi ba, komai kyansa. Wata dattijuwa Bajamushiya da ke gefena ta buga tebur da tafin hannu ta ce su ma haka dokarsu take, wanda ake tuhuma shi ke da kalmar ƙarshe, in an hana shi ana iya soke hukuncin. Mai wasan ba ta yarda nan take ba. Ta ce wasan taro ne, abin da ke kashe shi jan lokaci, da zagaye ya wuce minti goma mutane za su fara duba waya. Tana da gaskiyarta, ita ta san kayanta. Amma ta rubuta a littafinta, kuma da muka sake bi ta wurin ranar Asabar na ga ta ƙaro wata 'yar ƙaramar kwalbar yashi tana gwadawa.

Dattijuwar nan muka zauna da ita shan kofi, yaron na taya mu inda Ingilishi ya gaza. Ta ce kotun da ke cikin wasan ta finafinan Amurka ce. A Jamus an soke tsarin masu taya alƙali da ke yanke hukunci su kaɗai tun 1924, alƙalansu kuma ba su riƙe guduma, ba su sa hular gashi. Abin da suke da shi talakawan gari ne da ake zaɓa na shekara biyar, su zauna tare da alƙali a kan kujera ɗaya. A ƙaramar kotu, idan laifin ya ɗan yi nauyi, alƙali ɗaya ne da irin waɗannan mutum biyu, ƙuri'ar kowa daidai da ta alƙalin. Ita kanta ta yi wannan aiki bayan ta bar koyarwa. Ta tambaye ni ko muna da wasa irin wannan a ƙasarmu.

Na ce muna da shi, ko in ce mun taɓa yi. A ƙauyenmu da ke yammacin Zariya, idan an gama girbi hatsi ya shiga rumbu, samari da 'yan mata kan yi kalankuwa. Gwamnati sukutum ake kafawa ta 'yan kwanaki. A naɗa Sarki, a naɗa Gwamna, da Alƙali, da Likita, da 'yan doka masu kulkin kara. A share fili a bakin gari a kafa rumfar zana, nan ce kotu. Laifuffukan ba su da bambanci da na katunan matar nan: ka wuce gaban Sarki da takalmi, ka yi wa budurwa magana ba da izinin shugabar 'yan mata ba, ka zo fili ba hula. 'Yan doka su kamo ka, ka durƙusa ka ce "Allah Ya gafarta Malam" ga yaron da jiya kuka yi kokawa da shi a fadama, a karanta maka laifinka, ka kare kanka, jama'a na shewa, a ci ka tarar goro ko 'yan kwabbai. Har magidanci in ya ratsa ta wurin akan kama shi, ya biya yana dariya. A shekarar da na fi tunawa, ɗan mahaucin garin ne Alƙali, ɗan mai unguwa kuma ya gurfana a gabansa. A wannan filin na fara jin ana cewa a bar mutum ya gama maganarsa, tun ban san akwai littafin da ya ce haka ba. Yanzu an daina a garinmu. Samari sun tafi birni, malamai sun yi wa'azi kan cakuɗuwar maza da mata da dare, kuma ba zan ce ba su da hujja ba, ga rashin tsaro da ya sa ba mai son taro bayan isha'i. Sai dai da aka tashi zubarwa an haɗa har da rumfar kotun, wadda ba ta yi wa kowa laifi ba. Yaran da ke zuwa darasin yamma a zaurena yau ba su san kotu ba sai a matsayin wurin da ake kai mutum a ɗaure shi.

Ranar Juma'a mun yi salla a babban masallacin Turkawa na unguwar Marxloh a Duisburg, wanda aka buɗe a 2008, huɗuba da Turkanci da Jamusanci. Mun kuma leƙa Zollverein, tsohuwar mahaƙar kwal da aka rufe a 1986, yanzu wurin tarihi ne da UNESCO ta amince da shi tun 2001.

Akwai wani wasan da na zauna a cikinsa ranar Asabar wanda raina bai so ba. Asalinsa Mafiya ake ce masa, wani ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam mai suna Dimitry Davidoff ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Mosko a shekarun 1980, yanzu ya yi rassa da yawa. Ana zama a da'ira, akwai miyagu biyu ko uku a ɓoye cikin jama'a, kowane zagaye a yi gardama a nuna mutum ɗaya a fitar da shi da sunan kisa. Babu hujja, babu lauya, babu alƙali. Wane ya yi shiru da yawa, wance ta yi murmushi, shi ke nan an taru a kansa. Masu yi suna jin daɗinsa matuƙa, kuma na fahimci darasin da ke ciki, yadda 'yan tsiraru da suka san juna ke juya taron da bai san komai ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya ga an yi wa bawan Allah ihun ɓarawo, ya ga abin da ke biyo baya kafin wani ya tambayi me ya sata, ba zai ɗaga hannu a wannan da'irar da sakakkiyar zuciya ba. Da aka fitar da ni na gode musu na koma rumfar 'yar Holan.

Dattijuwar ce ta ba mu shawarar kada in tafi ban ga kotun gaske ba, ta ce ƙofa a buɗe take ga kowa. Ranar Litinin muka je ginin kotunan Essen da ke titin Zweigert, ba nisa da wurin baje kolin. Aka bincike mu a ƙofa, aka ce ba ɗaukar hoto. A jikin ƙofar kowane ɗaki an nuna shari'o'in ranar da lokacin kowace. Muka shiga wani muka zauna a baya. Alƙaliya ce, da baƙar riga, kanta ba komai. Wani magidanci ake tuhuma da ɗaukar kaya a kanti, ga tafinta a gefensa yana raɗa masa duk abin da aka faɗa. Idona yana kan takwarata, magatakardar da ke gefen alƙaliya tana bugawa a kwamfuta, ni da har yau da biro nake cika manyan littattafai. Bayan mai gabatar da ƙara da lauya sun gama, alƙaliyar ta juya ga mutumin. Ban ji Jamusanci ba, amma na gane tambayar tun kafin yaron ya taɓa ni. Mutumin ya miƙe ya yi magana a hankali, ya tsaya, ya ci gaba, ba wanda ya katse shi. Sannan kowa ya tashi tsaye aka karanta hukunci da sunan al'umma.

A waje yaron ya warware mini yadda tarar take. Da kwanaki ake lissafa ta, ba zaman kurkuku ba ne: an yanke masa tarar kwana 40, kowane kwana Euro 15. Yawan kwanakin nauyin laifi ke sa shi, kuɗin kowane kwana kuma gwargwadon abin da mutum ke samu ne, doka ta ba da dama daga Euro 1 har zuwa 30,000. Ma'ana attajiri da talaka in sun yi laifi ɗaya kwanakinsu ɗaya, amma kuɗin da za su biya ba ɗaya ba. Na daɗe ina juya wannan a raina a cikin jirgin komawa masauki, don na sha rubuta tarar da wani ke zarowa daga aljihu a tsaye, wani kuma sai an sayar da akuyar matarsa.

Wasan bai shiga kasuwa ba, ba a sayarwa, amma matar ta ba ni takardar dokokinsa ta ce in juya shi yadda zai dace da mutanena, in dai ba sayarwa zan yi ba. Na sayi kwalaben yashi a wata rumfa. Dawowa ba wani labari, Frankfurt zuwa Abuja, kwana a gidan wani abokin aiki a Kubwa, jirgin safe zuwa Rigasa, la'asar ta yi mini a gida.

Na yanka kwali na rubuta katunan da Hausa. Tuhumomin na canza su: wanda ya sha furar liman, wanda ya saki akuyarsa a gonar maƙwabci, wadda ta ɓoye ludayin biki. Hujjojin kuma buta, tocila, takalmin roba ɗaya, ragowar ƙosai. I'izari na sa shi cikin doka, rabin minti ga kowane ɓangare. Matsaloli biyu suka taso da ban gan su a Essen ba. Ta farko, da gardama ta yi zafi sai yara su ce a kawo Alƙur'ani a rantse. Na hana wannan gaba ɗaya, har "wallahi" na sa mata tarar maki, don wasa ne da aka gina a kan wani zai yi ƙarya. Ta biyu, ƙanana ba su iya tuhumar yayyensu, yaro na riƙe da katin mai gabatar da ƙara amma ya sunkuyar da kai ya ce "Yaya ba zai yi haka ba." Na raba su rukuni biyu bisa shekaru, 'yan mata kuma suna nasu a cikin gida, uwargidana ce ke riƙe musu kwalbar yashi. Katunan tuhuma talatin na rubuta, sun riga sun haddace su, yanzu su ke kawo sababbi a rubuce ina tacewa, don wasu kan sako laifin da kowa a unguwa ya san mai shi.